Zarami da Furen Gamba

A zamanin Turawa akwai wani mutumin Danchuwa mai suna Zarami, sana'arsa yankan gamba da saƙar zana. Duk Potiskum an san zanarsa, akuya ba ta ratsa ta. Matsalarsa guda ce: da zarar damina ta zo ƙarshe gamba ta fid da kai, sai ya kama atishawa. Idanu su yi ja, hanci ya yi ta zuba.

Da farko maƙwabta kan ce masa "Yarhamukallahu." Da abin ya yi yawa suka kai maganar gun liman, ya ce bayan ta uku babu nauyi a kan kowa. Jama'a suka ji daɗin wannan fatawa.

Aka ce iska ce, aka turara shi da saiwoyi. Atishawar ta ƙaru.

Matarsa Gumsu ce ta matsa masa ya je ɗakin shan magani na En'e. Malamin asibitin, Basiru, ya buɗe masa ido ya duba, ya tambayi aikinsa.

"Malam Zarami, ba iska ba ce. Furen gamba na sakin wani gari mai laushi, ido bai cika ganinsa ba. Wasu su shaƙa lafiya lau, kai jikinka ba ya so."

"To maganin fa?"

"Ka nisanci gamba har furen ya zube."

"Malam, ni da gamba tuwonmu ɗaya."

"To ka ci gaba da atishawa."

Zarami ya koma gida ya faɗa wa Gumsu. Ta ce yayanta Modu yana neman mai riƙe masa shanu a kara, wato kasuwar shanu ta Potiskum, kuma a kara babu ciyawar da ke daɗewa har ta yi fure.

Haka aka yi. Ya tare a cikin gari wajen Modu, hancinsa ya bushe, ya yi barcin da ya daɗe bai samu ba. Ana cikin haka wani bijimi ya harbe shi a cinya, aka ɗauko shi a kan jaki zuwa Danchuwa.

Gumsu ta gasa masa ƙafar, ta tambaye shi ko baɗi zai koma kara.

"Zan koma," in ji shi. "Sa sau ɗaya ya yi, ya ƙyale ni, ba kamar gamba ba."