Ciyawa a Aljihun Baba Mamman

Da Baba Mamman ya baro ƙauye ya tare a gidan 'yarsa Firdausi a Yakasai, akuya ɗaya ya zo da ita, ita kaɗai ta rage daga garken da ya shekara arba'in yana kiwo. Aka ɗaure ta a lungun bayan madafi. Dusa ta ƙi, harawa ta ƙi, sai ramewa take, shi ma yana ramewa tare da ita. Ya san ciwonta sarai, ɗanyar ciyawa take so. To ina ciyawa a cikin birni, inda ko rana sai da dabara take leƙo tsakar gida?

Ran Asabar Firdausi ta ce, "Baba, tashi mu je ka sha iska. Wannan zaman ba zai yi ba."

Adaidaita ta fitar da su bayan ganuwa, zuwa wani katafaren wurin shaƙatawa. Firdausi na nuna masa furanni da ruwan da ke tsartuwa sama, shi kuwa idonsa na ƙasa. Ciyawa ce shar iya ganinsa, ana ba ta ruwa da tsakiyar rani, babu ko tunkiya ɗaya a kanta, sai ƙattin mutane sun baje suna ɗaukar hoto. Takaici ya cika shi.

A gindin wata bishiya ya ga tarin wadda aka yanke, ga wani allo a kafe da jan rubutu. Baba ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma boko bai taɓa shiga kansa ba. Ya tambaya kuma? Dattijo da furfurarsa ya roƙi ciyawa a gaban jama'a, ya kunyata 'yarsa? Firdausi na tafiya sayo ruwa, ya duƙa ya cika aljihun babbar rigarsa.

Suna isa gida akuyar ta cinye tas. Baba ya yi dariya, karon farko tun zuwansa.

Da safe cikinta ya kumbura, ga kumfa a baki. Kafin a samo wuƙa ta cika, ta zama mushe. Firdausi ta tsinci ɗanyen ganye kusa da turke.

"Baba, wannan daga ina?"

Ya faɗa mata, kansa a ƙasa.

Ta ce a hankali, "Allon nan cewa ya yi an fesa wa ciyawar maganin ƙwari. Da ka tambaye ni, Baba."

Ya durƙusa ya kwance igiyar daga wuyan akuyar.

"Da hannuna na ba ta," ya ce. "Kuma ta yarda da ni ta ci."