Feshi Kawai Ya Ce

"Riƙe nan, 'yata," in ji Baba Mai Fure, ya miƙo min makullin ɗakinsa. Ɗansa na jira a mota zai kai shi asibiti. "Sau biyu a mako, feshi kawai. Kar ki zuba wa furannin ruwa."

Na ce to, hankalina na kan ɗinkin da na bari a keke.

Shekara shida yana zaune a ɗakin da ke saman shagona. Kafin ya yi ritaya, aikinsa auna sinadarai a wata cibiyar binciken magunguna. Barandarsa cike take da okid, furannin kurmin nan da ba ruwansu da ƙasa, sai dai su maƙale a ɓawon itace.

Ya nuna min wata ƙarama mai ganye uku, ko fure babu. "Wannan mummunar ita ce 'yar lelena. Mun taɓa tatsar ruwanta, muka ɗiga a kan ƙwayoyin cutar da ke hana gyambo warkewa. Kwana biyu suka mutu. Ana cikin haka aka rufe sashenmu. Kurmin da na samo ta kuwa an sare shi tas."

"Magani ce ke nan, Baba?"

"Ban ce ba. Sai an gwada sosai. Akwai wata Dakta mai bincike da na rubuta wa, ƙarshen wata za ta zo."

Ɗinkin kayan makaranta ya taso ni gaba, na manta da furannin har kwana tara. Da na hau na ga ganyen ya yi yaushi. Na ciro 'yar lelen na tsoma ta a bokiti, ta kwana biyu a ciki. Kullum kuma sai na ƙara kwarara mata, wai ina rama mata. Cikin mako guda saiwoyin suka yi baƙi, suna narkewa a yatsa.

Na je asibiti duba Baba da rana. Ya rame, robar iska a hancinsa.

"Ya 'ya'yana?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ƙaramar fa?"

"Har ta fara sabon ganye."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Kin gani? Taurin kai gare ta, kamar uban gidanta."

Na so in faɗa masa. Nas ta shigo da allura, na ɗauki jakata na fita.

Ranar Alhamis da safe ya cika. Bayan kwana biyar Dakta ta zo, ba ta ma ji labarin rasuwar ba. Ni na kai ta barandar, na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta juya ɓawon a hannunta, ta latsa gindin da farce.

"Ba abin da ya saura?" na tambaya.

"Zan duba. Kar dai ki sa rai, Yaya."

Ta naɗe shi a takarda ta sa a jaka. Sannan ta zauna a kujerarsa ta roba, ta ciro biro, tana kwafe sunayen da Baba ya rubuta a jikin sauran furannin ɗaya bayan ɗaya. Rubutun ƙanana ne, ni nake karkato mata su wajen haske.