Rigar Farfesa

Tun ranar da malamin lissafi ya ce wa Auta ta nemi babbar jami'ar nan ta bayan gada, gidansu bai sake zama lafiya ba. Jami'a ce da ba ta ɗaukar kowa. Malamin da bakinsa ya faɗa: masu nema za su cika filin ƙwallo, waɗanda ake ɗauka kuwa da ƙyar su cika motar haya. Ya ce Auta tana da kai, amma kai kaɗai ba ya isa, sai ta zauna ta yi karatu tuƙuru kafin jarrabawar shiga.

To, zaman ne babu. Baba yana da shagon kayan famfo a bakin titi, kuma tun da yayyenta maza suka kama gabansu, Auta ce mai jiran shago. Ta buɗe littafi ke nan, wani zai leƙo ya ce a ba shi gam ɗin fayif. Ta koma tana neman layin da ta tsaya, wani ya zo da tsohon kan famfo a hannu yana neman irinsa sak. Da ta yi ƙorafi, sai Baba ya ce:

"Ke yarinya ce. Wa ya gaya miki da karatu ake shiga irin wannan wuri? Da mutum ake shiga. Bari dai Allah ya haɗa mu da mutum."

Sai kuwa ga mutum. Wani dogo mai furfura a gemu ya kama hayar ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, ya shigo da katifarsa da bokiti da 'yar jaka. Washegari ya fito shan iska sanye da riga shuɗiya mai gajeren hannu, a ƙirjinta an ɗinka tambarin jami'ar, buɗaɗɗen littafi da fitila a kai. Baba yana gani ya tsaya cak, har makullin shago ya suɓuce masa.

"Ranka ya daɗe, can kake aiki?"

Mutumin ya dubi rigarsa, ya dubi Baba, ya ce, "E to, muna dai taɓawa."

"Ka ji manya! Ba sa son a sani."

Kafin yamma duk layin ya san an samu Farfesa a gidan mai kayan famfo. Mama ta zuba shinkafa a farantin da ba a fito da shi sai an yi baƙi, ta ɗora cinyar kaza, aka ce Auta ta kai, ta kuma durƙusa sosai in za ta gaishe shi.

Auta ta kai, ta durƙusa. Amma ba ta tashi ba. Ta bari sai da ya kai loma baki, sannan ta ce:

"Kawu, ashe kai ka saye ta."

"Me fa?"

"Rigar. Ta daɗe a rataye wurin mai gwanjo na kusa da tasha. Kullum in zan wuce makaranta sai na tsaya na shafa tambarin. Ga ma ƙunar dutsen guga nan a gefen aljihu."

Loma ta tsaya masa a wuya. Sai da ya kora da ruwa, ya leƙa ƙofa, sannan ya rage murya.

"'Yar nan, ni ban ce wa kowa ni farfesa ne ba. Mota nake wankewa a garejin bayan kasuwa. Babanki ne ya naɗa ni, ni kuwa ina jin kunyar ƙaryata babba."

"Da kunyar kaza."

"Da ita ma," in ji shi, yana kallon cinyar kamar za a ƙwace.

Auta ta gyara zama. "Ni ba zan faɗa ba, Kawu. Sai dai akwai wasu dokokin jami'a da ya kamata Baba ya ji daga bakinka."

Dokar farko ta fito washegari da safe, Baba yana shan shayi. Farfesa ya yi gyaran murya, ya ce jami'a tana turo masu leƙe a ɓoye, in suka ga ɗaliba tana auna fayif a shago, shi ke nan sun soke ta, don sun ce hankalinta ya rabu. Baba ya dafe ƙirji. Daga ranar shi da kansa ya koma jiran shago, yana wa kowane baƙon ido kallon zargi. Har wani bawan Allah da ya zo sayen tiyo sai da aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka kuma sanar da shi cewa yarinyar tana gida tana karatu, alhali bai tambaya ba.

Doka ta biyu ta kashe rediyon Baba daga la'asar. Ta uku ta ɗauke wa Auta wanke-wanke. A nan ne Mama ta ɗan karkace kai.

"Wannan jami'a har kwanukana ta sani?"

"Ke, ki yi shiru," in ji Baba. "Ke kika yi karatun ko shi?"

Ta huɗu kuwa Auta ba ta san da ita ba, sai ji ta yi Farfesa yana cewa dole a riƙa ba ɗaliba dafaffen ƙwai kowace safiya, haka ma wanda ke sa mata ido. Ta harare shi ta bayan Baba. Ya ɗaga kai yana kallon silin.

Karatun dai ta yi shi da gaske. Ta kan baje littattafai a kan tabarma a ɗakin yayyenta, ta yi ta fama da lissafi har yatsanta ya yi kanta wurin riƙon biro. Malamin lissafi ya duba aikinta wata rana, ya cire tabarau, ya ce yanzu kam in aka yi adalci tana cikin motar.

Ana gobe jarrabawa Baba ya zo da tasa dokar. Ya ce Farfesa zai raka su, ya riƙe hannun yarinya ya shigar da ita, ya kuma ga shugaban wurin ido da ido.

Auta ta tuna yadda malamin lissafi ya ja musu kunne: duk wanda ya zo da wani don neman alfarma, tun daga bakin ƙofa ake mayar da shi gida. Farfesa kuwa ya shiga kame-kame. Ya ce yana hutu. Baba ya ce ai gaisuwa ce kawai. Ya ce cikinsa yana murɗawa. Baba ya aika aka sayo magani, ya tsaya a kansa sai da ya haɗiye. Sannan ya karɓi rigar ya goge ta da hannunsa, abin da bai taɓa yi wa tasa ba.

Da safe suka tarar bakin jami'a ba masaka tsinke. An ja igiya, iyaye a bayanta, ɗalibai suna wucewa ɗaya-ɗaya gaban wani jami'i mai ɗaurarriyar fuska da ke duba katinsu. Auta ta so ta sulale ta bi layi, amma Baba ya riƙo ta da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tura Farfesa gaba.

"A ba da hanya! Ga Farfesa nan! Shi zai shigar da 'yarmu!"

Jami'in ya ɗago kai a hankali. "Wa zai shigar da wa?"

Duk yammacin da Auta ta ƙwato daga shago, duk shafin da ta haddace, ga su nan za su zube a bakin igiya.

Sai ga wani gajere mai tumbi ya taho a guje daga ciki, gumi sharkaf, sanye da riga shuɗiya irin ta Farfesa sak, har tambarin. Ya cafke wuyan hannun Farfesa.

"Kai ne sabon? Yanzu ake zuwa aiki? Tun ɗazu muke jiran ka! Zaure ya cika, tebura ba su isa ba. Wuce mu je!"

A bayansa ga wasu masu irin rigar, wannan da benci a ka, wancan da tsintsiya. Ashe rigar masu shara da ɗaukar kaya ce. Jami'in ya bi Farfesa da kallo ana jan sa kamar akuya, ya dubi Baba, ya ga dai ba wata alfarma a nan sai ruɗewar tsoho. Ya miƙa wa Auta hannu.

"Ke, kawo katinki. Wuce."

Tana wucewa ta ji muryar Baba daga bayan igiya, yana gaya wa na kusa da shi: "Kun ji ko? Tun ɗazu suke jiran sa. Ba a farawa sai ya zo."

A cikin zaure aka tsayar da su Auta a jikin bango, don tebura sun ƙare. Can sai ga Farfesa ya shigo da tebur a ka, gemu yana ɗigar gumi, gugar Baba duk ta lalace. Ya wuce yara da yawa, ya dire shi a gefen taga inda iska ke shigowa, ya yafito ta. Ya sunkuya kamar yana gyara ƙafar teburin.

"Auta, wallahi in kika faɗi jarrabawar nan bayan wahalar da na sha, ban yafe ba."

"Haba Kawu, ai kai ka riga ni shiga jami'a."

"Kai, dogo!" aka ƙwala daga ƙofa. "Saura na bene!"

Ya tafi yana dafe ƙugu. Auta ta leƙa ta taga. Ga Baba can bayan igiya, iyaye sun kewaye shi, yana nuna musu Farfesa da ke tsallaka fili da benci a ka. Ba ta jin abin da yake faɗa, amma ta san hannun babanta: yana ce musu su dubi sauƙin kai irin na manya. Har wata mata ta fara turo ɗanta gaba.

Aka ajiye mata takardar tambayoyi. Ta juya ta, ta karanta ta farko, ta ga ta san hanyarta. Ta karanta ta biyu, ita ma haka. Ta ciji gindin biro don kada dariya ta kuɓuce mata a gaban masu tsaro, ta sunkuyar da kai, ta fara rubutu.