Baitin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Maigidana makaɗin jita ne, kuma ba laifi, hannunsa na da daɗi. Sai dai zaman kiɗan da ya saba daban ne. A garejin wani bakanike suke haɗuwa, kowa da abin kiɗansa. Wani zai ɗauko waƙa, kafin ya kai tsakiya jama'a sun afka mata. A can in ka yi tuntuɓe na kusa da kai ya cafe, kuma gode masa za ka yi.

Zaman su Babana ba haka yake ba. A shagon wani tela ake yi, a ture kekunan ɗinki gefe, a zagaye da kujeru. Bi da bi ake waƙa. Wanda layi ya zo kansa shi kaɗai ke da baki, sai in ya ɗaga hannu a karɓa masa amshi. In baiti ya ɓace masa jira ake yi, ko da shayin kowa zai huce. Ni na tashi na tarar da wannan ƙa'ida, ban taɓa ɗauka abu ne da sai an faɗa wa mutum ba.

Tun da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki bai koma ba. Harshensa ya yi nauyi, kalmomi na gudunsa. Kullum da hantsi yana zaune a tsakar gida yana maimaita waƙa ɗaya, wata doguwa ta masunta, yana goge baki da hankici. Burinsa kawai ya kai ta ƙarshe da kansa a gaban abokansa. Ranar da ya ce ya shirya, mu muka kai shi a mota.

Da layi ya zo kansa ya fara a hankali, muryar na rawa amma tana tafiya. Saura baiti ɗaya ya tsaya cak. Shago ya yi tsit. Tela ya sunkuyar da kai, mai sarewa ya kwantar da ita a cinya. Leɓen Baba na motsi, yana lalube.

Sai ga maigidana ya ja jita ya kwararo baitin, da murya garau har da 'yar kwalliya. Ai a gida ya haddace waƙar, don sauraron Baba. Ya dire ta yana murmushi, yana duban mutane. Babu wanda ya dube shi. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na ƙura wa ƙyallayen da ke ƙasa ido, kamar in nutse. Tela ya yi gyaran murya ya ce na gaba ya ɗauka.

A hanyar gida bawan Allahn nan sai fara'a yake, wai ya ga Baba ya shiga wani hali shi ya sa ya yi maza. Na tsunkule shi, bai gane ba. Da muka sha kwanar layinmu, Baba ya yi magana daga kujerar baya.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji shi, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Amma baitin ya zo mini fa. Yana bakina."