Kwanon Wuri a Tagar Aji

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi na gama bautar ƙasa a wani ɗan tsibiri can bayan Badagiri. Ko mota babu a cikinsa, sai kwakwa da masunta da wata tsohuwar rijiya da aka ce bayi sun sha ruwanta kafin a ɗora su a jirgi. Ranar Asabar baƙi kan cika kwale-kwale su zo ganinta, su ci gasasshen kifi, su koma. Na so wurin, ban kuma ɓoye ba.

Da aka ba ni aji a wata firamare a Aliero, garin albasa, sai na ajiye kwanon wuri da ƙatuwar katantanwar teku a taga, don yara su taɓa. Nan da nan magana ta zaga gari, wai Salima ta dawo daga bakin ruwa da kayan duba. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu mata.

Hedimasta, Malam Maiwada, ya kira ni.

"Malama, in ajin ga ya watse, sai a ɗauke ki. Kwashe kwanon nan."

"Malam, da me zan nuna musu teku? Da albasa?"

Ban kwashe ba. Na ci gaba da koyar da 'yan tsirarun da suka rage. A gida gwaggona Dije ta daina cin tuwon da na tuƙa, ni kuwa ban daina tuƙawa ba.

Wata rana bayan an tashi, Mero ta shigo a lulluɓe. Ita ta fara janye 'yarta Bushira.

"Malama, albasar maigida na ta ruɓewa. Ki duba muna, ko da hannu ciki."

"Inna Mero, ba na duba. Kayan nan a bakin teku na tsinto su."

Na miƙa mata katantanwar. Ta kara a kunne, ta zabura.

"Wa ka magana ciki?"

"Ba kowa. Amma haka teku take ƙara."

"Uhm. Haka dai kika ce."

Washegari Bushira ta dawo, ta zauna dab da taga, idonta a kan kwanon. Sai ga 'yan unguwarsu su ma, har benci ya cika. Na san turo su aka yi su ga abin da nake yi, su kai rahoto gida.

Na ɗauki alli na zana tsibirin a allo.

"Ku saurara da kyau," na ce musu, "kada ku kai wa iyayenku rabin labari."