Kamu Biyu na Zaren Kaset

Mama ta manta sunana shekara biyu ke nan, amma ba ta manta fim ɗinta ba. Wani tsohon fim ne na waƙe-waƙe da marigayi Baba ya naɗar mata daga talabijin a kaset ɗin bidiyo. Babu suna a jikinsa, kuma na yi neman duniya ban sami irinsa ba. Kullum bayan la'asar nake saka mata. Can tsakiya akwai wata uwa a tashar jirgin ƙasa, tana rera wa 'yarta waƙar ban kwana. Ni kaina sai na share hawaye. Mama takan bi waƙar baiti-baiti, in ta ƙare sai ta juyo ta ce, "Auta, kin ci abinci?" Minti biyar nake samu a rana, daga nan sai in koma baƙuwa.

Ranar Talata injin ya tauna kaset ɗin. Na ruga wurin mai gyara, wani dattijo mai tabarau, wanda ba ya tambaya sai ya gama aiki. Kafin in buɗe baki ya sa almakashi ya datse inda zaren ya cukurkuɗe, ya haɗa bakin biyu da salatif.

"Baba, me ka yanke?"

"Kamu biyu kacal, 'yata. Wurin ya riga ya goge don yawan maimaitawa. Ba za ki ma lura ba."

Wai ba zan lura ba! Na karɓi kaset ɗin na koma gida.

Na saka. Jirgi ya iso, uwar ta buɗe baki, hoton ya yi tsalle, sai ga jirgi ya yi nisa. Mama ta zuba ido tana jira. Tsoro ya kama ni sosai. Na durƙusa gabanta na fara rerawa, a nan na gane ban riƙe ko baiti ɗaya ba. Duk kwanakin nan fuskarta nake kallo, ina jiran a kira ni.

Na dai yi ta gunguni da karin waƙar. Ta saurara har na gaji, sannan ta dafa hannuna.

"Baiwar Allah, muryarki kamar ta autata. Ita ma ba ta iya waƙa ba. Don Allah in kin gan ta ki ce ta zo, yau ban gan ta ba."