Fuskar Jopet a Bangon Mujalla

Nato na durƙushe yana yanke igiyar ɗaurin mujallu na farko sai ya ji an ce, "Kada ka kwance, Yaya."

Jopet ne tsaye a ƙofar shagon Mang Tonyo mai buga takardu, cikin rigarsa ta aikin gadi. Fuskar nan tasa ce dai a bangon mujallar da ke gaban Nato, tana dariya, gemu ya cika ta. Sunan mujallar ma ke nan, Balbas, wato gemu. Ta mutane irinsu ce, waɗanda aka raɗa wa sunan mata suna jarirai, suka girma suka san su maza ne.

Da yawansu suka fara ta a ɗakin Nato da ke unguwar Sampaloc. Wani ya tafi Dubai, wani Kanada aikin jinya. Sauran kuwa ba inda suka je, allurar sauya jiki ce kawai ta yi aikinta. Murya ta buɗe, gemu ya tsiro, direban jifni, motar hayar garin, ya fara ce musu maigida, shi ke nan suka narke cikin mazan Manila kamar gishiri a miya. Nato bai taɓa cewa sun yi laifi ba, amma abin yana ci masa rai. Jopet kaɗai ya rage masa.

"Kai, mai kyau! Ka zo ka ga kanka ne?" in ji Nato. "Dubi haƙora, sai ka ce tallar man goge baki."

Jopet bai yi dariya ba. Ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Iyayen Luz sun karɓe ni a matsayin suruki. Garinsu Batangas zan koma, babanta zai ba ni kula da shagonsa. Yaya, tsohon nan 'ɗana' yake ce min. Ita ta sani, su ba su sani ba. Kuma ƙanwarta a jami'ar da za ka baje kolin gobe take karatu."

"Kai fa ka ce in ɗauke ka! Har aski ka yi saboda hoton nan."

"Na ce. A lokacin ba ni da abin da zan rasa."

Nato ya juya wajen mai shago. "Mang Tonyo, za a iya buga wani bangon kafin gobe?"

"Da wane injin?" tsohon ya ce, bai ko ɗago ba. "Kalandar 'yan takara na kansa har jibi. Su ma fuskarsu suke so a gani, su kuma ba sa fasawa."

Nato ya zuba wa hoton ido. Tunda aka fara Balbas, bangonta bai taɓa ɗaukar fuskar mutum ba, sai zane, ko ƙeya, ko hannu riƙe da sigari, kamar mujallar masu laifi. Shekara da shekaru yana neman wanda zai yarda. Burinsa wani can a ƙauye, wanda yake zaton shi kaɗai ne a duniya, ya ga mutum irinsa ya girma yana dariya. Shi kansa da ya ga haka yana ɗan shekara sha biyar, da ya huta da kuka mai yawa. Kuma ai Jopet ya yarda da bakinsa, ba wanda zai ce Nato ya ci amana in ya ɗauki kayansa ya wuce.

Sai dai Jopet na tsugune yana murza hularsa, shi da ko gaban ɗan sanda ba ya sunkuyar da kai.

"Mang Tonyo," in ji Nato, "ara mana wuƙa biyu."

Suka zauna a ƙasa tsakanin ɗaurin takardu. A ɗaga 'yar wayar da ta ɗinke mujalla, a zare bango, a mayar da wayar a lanƙwasa. Gobe Balbas za ta je kasuwa tsirara. Da hannu ya saba, sai baki ya buɗe. Suka tuna fitowar farko da aka buga shafi a kife, da ranar da murya ta fara yi wa Jopet gardama yana tsakiyar waƙa a coci. Nato ya yi dariya har da hawaye. Rabonsa da irin wannan zama har ya manta.

"Af, Yaya," Jopet ya ce yana zare wani bangon, idonsa a ƙasa. "In na tafi kada ka riƙa kirana. Yaran gidan suna taɓa waya. Ni zan neme ka."

"To," in ji Nato. Ya san maganar nan. Duk waɗanda suka tafi, da ita suka yi masa sallama.

Hannun Jopet akwai sauri, tarin da ke gabansa sai raguwa yake. Nato ya dubi abin da ya saura, ya ga bai fi a gama kafin rana ta yi sanyi ba. Daga nan Jopet zai kwashi bangunan a buhu, ya tari jifni, shi kuma ya koma ɗakinsa ya dafa shinkafar mutum ɗaya.

"Yaya, tsufa ne?" Jopet ya zungure shi da gwiwar hannu. "Tun ɗazu da guda ɗaya kake fama."

"Wayar ce ta yi tauri," in ji Nato, ya ci gaba da lallaɓa ta a hankali da bakin wuƙa.